Ki Mayar da Hannunki Baya

Zuwa ga 'yata, 'yar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana su. Mu ma nan sai godiya. Babanki ya gyara rufin ɗakinsa da kansa, har yanzu yana yoyo, amma ya ce kada a faɗa wa kowa. Ƙanwarki ta ci jarrabawa, sai iyayi take mana a gida.

Maigidanki ya kira ni, kuma kada ki ga laifinsa, ni na matsa masa. Ya ce kin yanke shawarar ajiye shugabancin ma'aikatan jinya na sashen yara, ki koma nas kamar kowa, wai ranar Litinin za ki sanar da su. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce ana tsakiyar taron shugabannin sassa aka leƙo aka ce an kawo yaro an rasa jijiyar da za a sa masa ruwa, kika tashi da gudu. Kin samu jijiyar, madalla. Kafin ki dawo an kwashe miki nas biyu an ba sashen tiyata, don kujerarki babu kowa, babu mai cewa a'a. Yanzu mutanenki suna aiki ba hutu, suna ƙunƙuni, ke kuma kin zauna kina cewa ba ki iya shugabanci ba.

Kin iya sarai. Na daɗe a kan irin kujerar nan kafin in yi ritaya, na san ciwonki, kuma ciwon a hannunki yake. Allah ya ba ki hannu mai gane jijiya ko a jikin jariri, kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ke wahalar da kansa. Da an soka sau ɗaya ba a dace ba, sai a ce a kira shugaba. Ke kuma kina jin daɗi, kada ki musa, na san halinki tun kina rarrafe. To, ai ba don ki sa allura aka ɗora ki a wurin ba. An ɗora ki ne ki zauna inda ake raba ma'aikata, ki faɗi yawan gadajenki da yawan hannuwan da ke kansu, ki kafe. Ki duba jadawalin aiki da idonki, ki ga wadda ake ta jibga wa ƙarshen mako saboda ba ta da baki. In za ki yi faɗa, ki ja mutum ofis ki rufe ƙofa, ba a gaban iyayen yara ba.

Akwai wata nas da na yi aiki da ita, muna ce mata Doguwa. Da ta ga uwa ta zuba mata ido, sai gumi ya karyo mata, ta aiko a kira ni. Ina zuwa sai in tsaya a bayanta, in mayar da hannuwana baya in riƙe gam, in ce ta ɗaure hannun yaron, ta lalubo da yatsa, ta daina sauri. In yaro na cikin haɗari nakan karɓa, wannan ba wasa ba ne. In ba haka ba kuwa, ko ta yi min kallon tausayi ba na motsi. Ta taɓa ce wa abokan aikinta ni muguwa ce, labari ya dawo min, na ce na ji na karɓa.

Yanzu ga abin da muka ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi. A watan jiya kakarki ta kwanta da amai da gudawa, muka kai ta asibitin da na yi aiki jikinta ya bushe, jijiyoyi duk sun ɓuya. Matasan nas suka gan ni suka miƙo min allura, wai ga gwana ta zo. 'Yata, hannuna rawa yake yi yanzu, ya kai shekara. Na tsaya a kan mahaifiyata da allura a hannu na kasa. Tsoron da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa ba. Doguwa ce ta shigo, ita ce yanzu shugabar sashen da aka kwantar da kakarki. Ko ita ba ta karɓa ba. Ta tsaya bayan wata nas ɗinta, hannuwa a baya, tana mata magana a hankali har ruwa ya fara sauka. Kakarki ta warke, tana nan tana yi wa kowa faɗa.

Saboda haka Litinin ki shiga taro, ki zauna har a tashi, ki nemo nas ɗinki biyu. Ko an leƙo, ki tura mataimakiyarki.

Ki gaishe min da maigidan, da Auta, da yayarsa mai surutu, da surukarki. Babanki da mamanki da kakarki duk suna gaishe ki. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, na ƙi bari ƙanwarki ta rubuta min ne.

Taki har kullum,
Gwaggonki