Addu'ar Bakin Ƙofa

Briqueterie, Yaoundé
4 ga Fabrairu

Zuwa ga ɗana Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka da sanyin ƙasar Turawan nan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta daina jin magana. Ƙanwarka Ramatu tana gaishe ka. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka idan ta zo daga Cité Verte ran Juma'a.

Saƙonninka suna isowa. Na san da sunan kulob ɗin ƙwallon da kake wa aiki suke zuwa, da tambarinsu a sama, amma na gane hannunka. Na farkon ya shigo ne mako guda bayan Ramatu ta sa lambata a inda ka ce ta sa. Ya ce: "Sannu da gida, Baba Abdussamad. Yau muna da wasa, kai namu ne." A ƙasa kuma: "Allah ya bar mu tare." Na ajiye almakashi na zauna. Wa ke faɗin haka in ba mahaifiyarka ba, tana tsaye a bakin ƙofa, duk sanda ɗayanmu zai fita, ko da kasuwar Mokolo ce sayen zare? Shekara uku ke nan da rasuwarta, ba wanda ya sake faɗa mini.

Ina amsa kowanne, ko da yake da yatsa ɗaya nake rubutu. Ban ga laifinka ba da ba ka mayar da amsa, na san aiki ya yi maka yawa.

Saboda kai na je Mokolo na sa aka sauko mini da rigar kulob ɗinku, mayo ɗin nan da samari suke hauka a kai. Na juya ta na duba ɗinkin. Ba laifi, amma ba aljihu. Mai shagon ya ce kowace shekara kukan sauya ta, har kala uku, kuma wanda ya sayi ta bara sai ya sake saye don kada a ce ya tsufa. A ƙirjinta ga sunan wani kamfani ɓaro-ɓaro. Shekara arba'in ina ɗinki a kwartiyen nan, wato unguwarmu, ban taɓa yin dabarar sayar wa mutum riga sannan ya zaga gari yana yi mini talla da bakinsa da ƙirjinsa ba. Iyayen gidanka sun san kasuwa. Ka gaishe su.

Mahaifinka,
Abdussamad Tela

19 ga Maris

Ɗana Izzuddeen,

Ina gaishe ka gaisuwa irin ta addini, da fatan jikinka lafiya. Ruwa ya fara sauka a nan, layinmu ya koma taɓo kamar kullum.

Zan ba ka labari, ka yi dariya in ka ga dama, don wasu sun riga ka. Ran Asabar bayan la'asar ina zaune a rumfar Sali mai soya, tsiren nan namu, mu da Musaddiq mai taksi, sai wayata ta yi ƙara. Na gyara hula na sanar da su ɗana ne daga Turai, sau biyu a mako yake rubuto mini, ba ya fashi. Na karanta musu da ƙarfi, har addu'ar ƙarshe. Sali ya goge hannu a gaban riga, ya zaro tasa wayar ya miƙo mini. Kalma a kan kalma, sai dai a tasa an rubuta Baba Sali. Musaddiq ma ya nuna tasa. Sali ya ce ashe ɗa ɗaya muka haifa mu uku, a faɗa wa yaron ya aiko masa da sabuwar wuƙa. Musaddiq ya ce shi dai ba ya tuna ranar suna. Na taya su dariya, na ci naman da na saya, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Ramatu ce ta warware mini da ta zo. Ta ce aikinka ke nan, ka sa mutanen Afirka su ji kulob ɗin nasu ne, su sayi mayo, su kalli wasa. Ta ce kai ka rubuta na Hausa sau ɗaya, inji ke cika suna, kuma duk wanda ya haura hamsin Baba ne. Har an yaba maka a ofis don mutanenmu sun shiga da yawa. Daga nan ta nuna mini wani ɗan rubutu a can ƙasa da tabarauna bai taɓa kamawa ba: ne pas répondre, kada a mayar da amsa ke nan da Faransanci. Wato duk amsoshina ba inda suka je. A ciki na gaya maka na sayar da keken ɗinki na biyu, wanda ka koyi taka feda a kansa. A ciki na gaya maka ranar da muka yi wa mahaifiyarka addu'a, na ce ko waya ka kira.

Ban yi fushi ba. Sana'a ce, kuma ka iya ta, tunda har ni ka kama. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Addu'ar nan ba ta kasuwa ba ce. Ta bakin ƙofar gidanmu ce, mu huɗu aka yi wa ita. Ka cire ta daga cikin tallar. In kana son faɗarta, ka san lambata.

Ka kula da sallah, ka ci abinci mai zafi.

Mahaifinka,
Abdussamad

27 ga Afrilu

Izzuddeen ɗana,

Sallama da fatan alheri. Ya aiki, ya jama'ar da kuke tare? Gwiwa da sauƙi, na gode Allah.

Na ga ka karanta takardata. Tun makon da ta tafi, saƙon ya sauya. Yanzu da "Sai mun haɗu a wasa na gaba" yake ƙarewa. Ka ji maganar ubanka cikin gaggawa, na yaba. Sali har ƙorafi ya yi mini, wai saƙon ya bushe, a da yakan ji kamar ɗan gida ne ke gaishe shi. Ban gaya masa ni na jawo ba.

Mako biyar ke nan ina ajiye wayar kusa da keke, in ta yi ƙara in duba. Mai kaftani ne ke tambayar ko an gama, ko Ramatu, ko kulob ɗinku yana sanar da ni akwai wasa. Na san lokacinku da namu ba ɗaya ba ne, kuma ƙila kunya ce ta riƙe ka. Kai tun kana yaro in ka yi laifi gyarawa kake yi a ɓoye, ba ka zuwa ka tsaya a gaban mutum. A wurina ka gado, don haka ba ni da bakin magana.

To ga abin da na zauna na gani. Kafin in yi ƙorafi, sau biyu a mako nakan ji maganar mahaifiyarka da hannunka. Yanzu ko sau ɗaya babu. Ni na yi gaggawa. Ka mayar da ita yadda take. Sali ya samu, Musaddiq ya samu, duk wani Baba daga nan har Kano ya samu, ba komai. Ran wasa zan karanta tawa a cikin shago, in ce amin.

Ina sa maka albarka.

Mahaifinka,
Abdussamad Tela