Shatin Dorina a Bayan 'Yar Fari

Madarunfa, Litinin

Zuwa ga surukina Idi, a Gabi.

Bayan sallama. Iyakar gaisuwarka ke nan. Ka kashe waya, shi ya sa na ba direba takarda.

Jiya na ɗauko matarka, 'yata ta fari, na kawo ta asibiti. Da aka ɗaga rigarta na ƙirga shatin dorina goma sha ɗaya. Likita ya ce ciwon fitsari ne ya hau ƙoda, ya shiga jini, zafin zazzaɓi ke sa ta sambatu. Ku kuka ce aljani ne. Kuka kira Malam Salisu ya yi ta tsula mata tana fitsarin jini, kai kana danne mata ƙafafu. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, ashe jakai na yi ta yayewa. Na fasa wa malamin baki da sandata, haƙoransa biyu suna nan ƙofar gidanku. In yarinyar nan ta mutu, kai ba haƙori zan cire maka ba.

Wassalam.
Sa'idu

Gabi, Laraba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ladabi, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya.

Na danne ta, gaskiya ne. Jahilci ne. Amma Baba, kafin ta kwanta sai da na ɗauko ta a babur na kawo ta gidanku, don ku ne masu ilimi. Ta durƙusa a zaure ta ce, "Baba, marata na ci kamar wuta." Kuka kau da kai saboda kunyar 'yar fari, kuka ce wa bango, "A jiƙa mata sabara." Kuka ƙara muryar rediyo. Da kun ce asibiti, da ba mu kira kowa ba.

Ku bar ni in zo, ko duka ne ku yi.

Ku huta lafiya.
Ɗanku, Idi

Madarunfa, Juma'a

Idi,

Salamu alaikum.

Tun da aka haife ta ban taɓa faɗin sunanta ba. Yau da hantsi na kama hannunta, ya yi sanyi, na ce, "Ramatu." Sau uku. Ba ta amsa ba.

Bayan la'asar za a kai ta. Ka zo ka kama makara. Sandar na karya ta.

Allah ya yafe mana.
Sa'idu