Yadda Takwararki Ta Koyi Rubutu a Cunkoson Nyanya

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinki, takwararki ta ci jarrabawar shiga sakandare. Kin san malaminsu ya ce in rubutunta na Turanci bai gyaru ba, sai ta maimaita aji shida. Hankalina ya tashi, don ni nawa bokon bai yi nisa ba.

Allah ya haɗa mu da maƙwabciyarmu Hajiya Rabi, wadda ke aiki a ma'aikatar lafiya. Ita ke rage wa yarinyar hanya da safe a motarta, ta hanyar Nyanya mai cunkoson motoci. Da ta ji damuwata sai ta ce, "Maman Binta, ai cunkoson nan ma aji ne." Kullum in motoci suka tsaya cik, sai ta miƙa mata jarida ta karanta da ƙarfi. In ta wuce aya ko waƙafi ba ta numfasa ba, Hajiya ta ƙwanƙwasa sitiyari, a koma baya. Kalma mai wuya kuwa, sai yarinyar ta rufe ido ta jero haruffanta.

Ranar da sakamako ya fito na je na yi wa Hajiya godiya har da hawaye. Ni da nake tsine wa hanyar nan kullum, yanzu bakina ya mutu.

Don Allah ki sa Hajiya a addu'a, ki roƙi Inna ma ta sa mata albarka. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza