Bishiyar da ka bar mini ta ƙi ɗaga kai

Zuwa ga taubashina Tanko, wanda ya bi ayari ya zauna a Tarabulus. Gaisuwa mai yawa daga Matameye, ƙasar Damagaram.

Bayan gaisuwa, ina da ƙara a kanka, kuma ta tsufa. Malam Habu ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana. Maƙwabta na zaune suna ji. Su ji.

Zuwanka na ƙarshe ka kwance bakin rawani, ka zuba mini 'yan iri masu fiffike kamar na fara. Ka ce a lambun wani Baturke ka tsinto su. "Shuka, ka ga abin kallo," in ji ka. Ba suna, ba bayani. Ka shanye mini fura ka hau raƙumi.

Ɗaya ce ta tsiro, bazarar farko kuwa ta kusa kashe ta. Ganyen nan nata mai yatsu kamar tafin jariri ya ƙone ta baki-baki. Na ciro ta da ƙasarta na mai da ita gabas da katanga, ta sha hantsi, in rana ta take kuma inuwa ta rufe ta. Na binne tsagaggen tulu a gindinta yana tsatsafo da ruwa. Na rufe ƙasar da ƙaiƙayin gero, na zuba toka saboda gara. Sabuwar zanar da aka saƙa don makewayi ita na kafa mata, Kande matata ta yi kwanaki ba ta gaishe ni ba.

Ta rayu, Tanko. Da ɗari takan yi ja kamar an ƙunsa mata lalle. Har daga Kance mutane ke ratsowa ran kasuwa su leƙa.

To amma ta ƙi ɗaga kai. Kowane reshe, da ya fito, sai ya sunkuya ƙasa. Kai ma ka sani, a nan duk shukar da ta yi haka ƙishirwa take ji. Na ƙara ruwa har igiyar guga ta cinye mini hannu. Na sassaro gwafanni na tokare rassan, yanzu in ka gan ta sai ka ce rumfar mahauta. In na zare gwafa ɗaya, reshen ya koma yana sharar ƙasa.

Kande ta ce halittarta ke nan. "Kai ma ai an tokare ka an gaji," in ji ta. Wanzamin unguwa ya ce iska ce ta hau ta. Wani baƙo daga Dungu ya tauna ganyen, ya tofar, ya ce ko miya ba ta yi. Ni na ce ciwo ne, za ta warke, ta miƙe, ta yi 'ya'ya. Na faɗa a gaban jama'a, ba na kuwa janyewa haka kawai.

Ga inda maganar ta tsaya. Ilu ɗana zai yi aure, kuma gurbin nan yake so ya gina ɗaki. Ya ce icen da ba ci, ba magani, ba inuwar kirki, ga shi kullum kamar mai zaman makoki, gatari ne daidai da shi. Da ƙyar na sa ya yarda a jira dawowar ayarin da zai kai maka wannan takarda. Ya yi alkawari gaban Malam: in aka ce haka irinta suke, ba zai taɓa ta ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da la'asar nakan zauna kusa da ita, iska na kaɗa rassan nan, sai in ji ba abin da na mallaka da ya kai ta kyau. Wani lokaci kuma in ce ko gida take tunani, in ce ko kai ma haka kake sunkuye a garin mutane. Kana samun fura a can? Wa ke tsokanarka?

Allah ya tsare ka, ya ba ka lafiyar ƙafa, ya sa mu gana kafin ƙasa ta rufe ido.

Ni ne taubashinka, kuma ubangidanka ko ka ƙi, Ɗanjuma.

Ka tashi ka je lambun nan ka duba uwarta: tsaye take, ko sunkuye? In tsufa ya hana ka, mai karanta maka ya je. Wani dai ya ba ni amsa, don Ilu ya riga ya fara buga tubali.