Layar Mahaifinsa Tana Ƙarƙashin Daɓen Jirgi

Assalamu alaikum 'yata Sadiyya,

Don girman Allah ki ture duk wasiƙun da ke gabanki ki fara da tawa, don tawa ba ta wuce Asabar ta sama. Ni tsohuwa ce, a aji shida na tsaya a firamare, kuma da yatsa ɗaya nake danna wannan wayar. In kin ga kuskure ki gyara a ranki. Ban sa jikata ta rubuta min ba saboda maganar ba ta jin kowa ba ce a gidan nan.

Shekarata huɗu a Lanham, wani gari a ƙasar Turawa kusa da babban birninsu, wajen ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, ke ma kin san dalili. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, "wannan yaron" nake cewa, ga shi yau har da furfura a gemu. Likita ne, irin masu sa mutum barci kafin a yi masa aiki. Yana da hankali a komai, ban da abu ɗaya: ya sayi jirgin sama.

Kar ki kawo irin wanda ya ɗauko ni daga Kano, mai 'yan mata suna raba abinci. Wani ɗan mitsitsin abu ne mai kujera huɗu, da fanka a hanci, injinsa ɗaya tal. Na tambayi matarsa Hansatu, in wannan ɗayan ya mutu a sama ina ɗan'uwansa? Ta ce ba shi da ɗan'uwa. Kuma jirgin ya girmi ita Hansatun da shekara biyu. Kan wannan kuma an ce a garin nan in ka kuskura ka karkata wajen fadar shugaban ƙasa, jiragen yaƙi ne za su taso maka. Ke ji fa. Duk ranar da ya tashi, ni da carbi muke wuni. In ya dawo kuwa sai in kau da kai in ce sannu da zuwa, kamar daga masallaci yake. To me zan ce? Uwa ta tsaya gaban ɗan fari ta ce ina jin tsoro kar ka mutu? Ba a koya mana haka ba.

Yana ajiye shi a wata rumfa a wani ƙaramin filin jirgi, tafiyar kusan awa ɗaya daga gida. Duk shekara wani dattijon makanike mai suna Gregory yana kwance shi kaf, ya leƙa ko'ina, ya mayar. Bana har da ƙari: aka cire tsofaffin agogunan gaban direba aka sa masa wasu allunan gilashi masu haske kamar talabijin. Wata biyu suna abu ɗaya. Da aka gama, yaron nan ya kwashe mu gaba ɗaya mu je mu gani, sai ka ce amarya aka kai ɗaki.

A nan na yi ɓarnar.

Marigayi mahaifinsa direban babbar mota ne, shekara talatin yana Kano zuwa Ikko, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Yana da wata laya ɗinke da jar fata, girman kwalin ashana, kullum tana rataye a motar. Da ya rasu na adana ta, har ƙasar nan na zo da ita a cikin lalitata. Shi kuwa yaron tun yana jami'a ya daina yarda da layu, ya taɓa tsinke ta wuyan ƙaninsa ya ce Allah ne mai tsarewa. Na san in na miƙa masa zai karɓa da hannu biyu don ladabi, ya kai ta durowa ya rufe. Saboda haka da suka ɗora ni kujerar gaba don a ɗauke ni hoto, suka juya suna kallon wutsiyar jirgin, sai na sunkuya kamar ina gyara takalmi. Can gaba, kusa da abubuwan da ake takawa da ƙafa, na ga bakin kafet ya ɗaga, da wata 'yar kafa a ƙasansa. Na cusa layar. Niyyata ta maƙale a bakin. Sai na ji ta zame, ta faɗa ciki, ƙwal.

Wallahi a ranar har daɗi na ji. Na ce to, yanzu ba mai ganinta balle ya cire.

Bayan sati ɗaya aka gayyato Gregory cin waina da miyar taushe. Mutumin kirki, ya ci takwas, na ce a faɗa masa in ya ƙara biyu sai ya biya sadakina. Jikata Shafa'atu ce ke fassara mana, ita ce ƙawata a gidan, shekararta goma sha tara, Hausarta kamar ta Bayarabiya amma tana ƙoƙari. Cikin hira sai Gregory ya ce shi ba ya rufe daɓen jirgi sai ya ƙirga kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wai a ƙarƙashin daɓen nan wasu igiyoyin ƙarfe ne ke bi ta kan 'yan ƙananan tayoyi, su ne ke juya wutsiya da fukafukai, kuma ko murfin biro ya shiga tsakaninsu zai iya riƙe su, direba ya ja abu ya ƙi jawuwa. Sadiyya, wainar da ke bakina ta zama yashi. Layar nan ta fi murfin biro sau nawa?

Na gwada dabara. Na ce wa Hansatu ɗan kunnena ya faɗi a jirgi, ko za ta kai ni in duba. Ashe yaron nan yana jinmu. Ya ajiye cokali, fuskarsa ta canza, ya ce Hajiya a ina daidai, gaba ko baya, don in haka ne jirgin ba zai motsa ba sai an gano shi. Ban taɓa ganin idonsa haka ba. Tsoro ya kama ni, na ce af, na ma tuna, yana cikin jakata. Ƙarya biyu ke nan a kan tsohuwa mai sallah.

Har yau jirgin bai tashi ba, aiki ya riƙe yaron a asibiti. Amma Asabar ta sama zai ɗauki Shafa'atu ya mayar da ita makarantarta a wata jiha. Ta riga ta fara tsokanata wai in ba ta kilishi ta ci a cikin gajimare. Ni kuwa in na kalle ta sai in ga igiyar nan ta cije. Wani lokaci in ce ai layar tsari ce, ta yaya abin da ya tsare uban zai kashe ɗan? Wani lokaci in ce ke tsohuwa, layar ba ta san igiya ba. In na faɗa, zai san na yi masa ƙarya, zai san na sa masa abin da ya ƙi, kuma zai san abin da na yi shekara hamsin ina ɓoyewa, cewa duk ya fita gabana faɗuwa yake. In na yi shiru kuma... ba zan iya rubuta wannan ba.

Ki faɗa min yadda zan yi.

Kakar Shafa'atu, Lanham

*

Wa'alaikumus salam Hajiya,

Kin ga na aiko miki da wannan amsa ta waya tun kafin ta fito a shafin jarida, don ba maganar jira ba ce. Ki faɗa masa yau. Ba gobe ba, ba ranar Juma'a ba.

Na tambayi wani da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan jirage, ban ambaci kowa ba. Ya ce abin da Gregory ya faɗa gaskiya ne. Mai yiwuwa layar ta kwanta a wani lungu ba ta taɓa komai ba, amma jirgi yana girgiza yana karkata, abin da ke lungu yau yana iya gangarawa gobe, kuma ba wanda zai yarda ya tashi a kan "mai yiwuwa". Ya ce cire ta ba wani babban aiki ba ne: a ɗaga kafet, a kwance 'yan kusoshi, a haska tocila da ɗan madubi. Amma ya ja kunne a kan abu biyu. Kada ki sake ki zura waya ko sanda da kanki, za ki iya ƙara tura ta ciki ko ki taɓa abin da ba a taɓawa. Kuma kada ki koma ga labarin ɗan kunne. Dole su san ainihin abin da suke nema, girmansa da launinsa da ta inda ya shiga, in ba haka ba ba za su san sun gama ba.

Maganar laya, halal ce ko ba halal ba, na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Abin da na gani shi ne uwa ta ɗauki abu mafi daraja da mijinta ya bari ta ba ɗanta a ɓoye. Ba mugunta a ciki. Amma shi ma yana da gaskiyarsa: shi ke riƙe da ran duk wanda ya shiga jirgin nan, kuma haƙƙinsa ne ya san kowane abu da ke ciki. Ransa zai iya ɓaci, ki shirya wa hakan, ki bar shi ya huce. Sai dai ki tuna fuskar da ya yi saboda ɗan kunne. Mutumin da zai ajiye jirginsa don ɗan kunnen mahaifiyarsa ba zai tsaya yi miki wa'azi ba, waya zai ɗauka ya kira makanike.

In kunyar ɗan fari ta ɗaure miki baki, ki kira Hansatu ɗaki ki faɗa mata duka, ita ta buɗe maganar, amma kina zaune a wurin. Sannan ki bi su filin, ki nuna kafar da yatsanki. Idan layar ta fito, ki faɗa masa ta waye, ki bar shi ya zaɓi inda zai ajiye ta. Ba mamaki bai ma san kin adana wani abu na mahaifinsa ba.

Sauran tsoron kuma, Hajiya, ki daina haɗiye shi ke kaɗai. Ki ce ya nuna miki abin da yake dubawa kafin ya tashi, da abin da aka koya masa ya yi in injin ya tsaya, don ana koya musu. Ranar Asabar kuma, bayan an fito da layar an rufe daɓen, ki tsaya a bakin rumfar ki yi musu addu'a da ƙarfi yadda zai ji da kunnensa. Ba sai kin kira sunansa ba, ya san da wa kike.

Allah ya kai Shafa'atu makaranta lafiya, ya dawo miki da "wannan yaron" lafiya. Kuma a ba ta kilishin nan.

Taki,
Sadiyya