Titunan Yara Goma Sha Ɗaya da Aka Cinye

Daga:
Abdulsalam Babayo,
Layin Mai Injin Niƙa,
Tirwun, Bauchi.

Litinin, 25 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga:
Hajiya Juwairiyya Abdulhamid,
Shugabar Kwamitin Amintattu,
Cibiyar Raya Matasa ta Gindin Ɗorawa,
Tirwun, Bauchi.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: CINYE KAYAN GWAJIN YARA, RUFE MINI MADAFA, DA ƊORA WA YARINYA LAIFIN DA BA NATA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kin dawo lafiya daga tafiyarki, ina neman izini in gabatar da ƙorafina a kan Malam Mijinyawa, mai kula da wannan cibiya. Na san abin ya faru ba kya gari, kuma na san an riga ni zuwa wurinki da labari. Saboda haka zan fara daga farko.

Ranar Asabar, 14 ga Yuni, an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. Na zo cibiya kwashe yashin da ya toshe lambatu. Titin da ke gaban ƙofa ya yi ramuka uku cike da ruwa, yara suna ta tsallake su. Wata yarinya mai suna Roda Jesse, 'yar shekara goma, ta tsaya a kaina ta tambaye ni me ya sa titi yake fashewa alhali dutse ne. Na yi mata bayani sau biyu ba ta gane ba. Sai na hango Inna A'i, mai dafa abincin cibiya, tana soya gyaɗa. Na roƙe ta kasko da ɗan guntun mazarƙwaila, na narkar, na zuba gyaɗa a ciki, na juye a faranti, na murje da kwalba. Na ce wa yaran gyaɗar nan ita ce tsakuwa, mazarƙwailar ita ce kwalta, kwalbar ita ce rola, motar murje titi. Da ya huce na ba Roda ta karya da hannu, ya ƙi karyuwa. A nan ta gane. Mako na gaba yara bakwai suka zo suna jirana, na bayansa goma sha ɗaya.

Ranki ya daɗe, ya kamata ki san ko ni wane ne kafin ki yanke hukunci, domin an yi amfani da hakan a kaina. Na bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare. Na koyi kanikanci wata biyu na gudu, na ja Keke, na sayar da katin waya, na yi dako a tasha. Aikin titi kaɗai na daɗe a cikinsa, shekara biyu da rabi ina lebura a bayan motar kwalta, shi ma ina jin don kullum gaba yake tafiya ne. Ba na iya zama. Mahaifiyata tana cewa tun ina goye nake haka. Amma Asabar tara a jere, daga 14 ga Yuni zuwa 9 ga Agusta, ban fasa zuwa madafar nan ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya biya ni.

Malam Mijinyawa da bakinsa ya ba ni izinin amfani da madafar ranar 21 ga Yuni, a gaban Inna A'i, bisa sharaɗin ni kaɗai zan taɓa wuta kuma mu wanke kayan da muka ɓata. Mun cika sharaɗin. Iyaye ne suke kawo gyaɗa da riɗi da mazarƙwaila, ba mu taɓa ɗaukar ko cokali ɗaya daga sito ba.

A cikin makonnin nan yaran sun koyi abin da ni sai da na ƙone ƙafa kafin na sani. Sun shimfiɗa garin ƙuli-ƙuli a matsayin jar ƙasa, gyaɗa a kai, riɗi yana cike tsakani kamar yashi. Sun ga cewa jiƙaƙƙiyar gyaɗa ba ta kama mazarƙwaila, don haka ba a zuba kwalta ana ruwa. Sun ga wanda ba a murje ba yana marmashewa. Sun ga wanda mazarƙwaila ta yi masa yawa yana laushi in an sa shi a rana. Sun zuba ruwa da buta sun ga inda tsakiyar titi bai ɗaga ba nan ruwa yake kwanciya. Kowace Asabar muna yin iri biyu: titin ci, wanda ake rabawa nan take a cinye, da titin gwaji, wanda ake bi ta kansa da motar langalanga, a jiƙa shi, a bar shi a rana. Duk yaran sun san bambancin. Inna A'i ta sani. Malam Mijinyawa ma ya sani, don ya sha karɓar rabonsa na titin ci a ofis.

Ga ƙorafe-ƙorafena:

1. Ranar Asabar, 9 ga Agusta, kowane yaro ya yi titinsa a farantinsa, yadda shi ya ga ya fi, ya rubuta sunansa a gefe. Wannan shi ne gwajin ƙarshe. Mun yi shawarar a bar su kwana bakwai, ranar 16 ga wata iyaye su zo a ɗora bulo a kan kowanne a ga wanda zai jure. Na jera faranti goma sha ɗaya a tebur ɗin ƙuryar madafa, na sa ƙafafun tebur a cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, na rufe da gidan sauro. Na rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali: TITIN GWAJI, BA NA CI BA NE. Rubutuna ba shi da kyau amma ana karanta shi.

2. Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, wasu 'yan kwamiti uku suka kawo ziyara tare da baƙinsu. Ba a tanadi abin taɓawa ba. Malam Mijinyawa ya shiga madafa, ya ɗage gidan sauron, ya ajiye kwalin a kan taga, ya sa aka yayyanka titunan yaran aka jera a faranti mai kyau aka kai wa baƙi da shayi. Inna A'i ta gaya masa ba na ci ba ne, ta maimaita. Ya ce mata kantu kantu ne, ta yi aikinta. Ba ni nan, ina Shadawanka ina zuba wa wani kankare. Lambar wayata tana rubuce a bangon madafa da gawayi. Ba a kira ni ba.

3. Ina roƙon ki lura cewa waɗannan faranti an bi ta kansu da tayoyin roba, an zuba musu ruwan buta, yara sun dandanna su da yatsu, sun kwana biyar a damina. Wannan ne aka ba manyan mutane.

4. Farantin Roda dabam yake da sauran. Ta tambaye ni ko mazarƙwaila za ta riƙe dutse na gaske kamar yadda take riƙe gyaɗa. Ban san amsar ba, na ce ta gwada. Ta tsinto tsakuwa a bakin ramin titin ƙofar cibiya, ta wanke tas, ta shanya, ta shimfiɗa rabin farantinta da ita, rabi da gyaɗa, aka zuba mazarƙwaila a kai duka. Daga sama ba a gane wanne ne wanne. Yanki mai tsakuwar ne ya faɗa hannun Alhaji Hammajoda, ɗan kwamiti, kuma haƙorinsa na tauna ya tsage. Na je gidansa ranar Juma'ar da ta wuce na duba shi, na yi masa sannu, ya karɓe ni da mutunci duk da kumatunsa a kumbure. Ba ni da ƙorafi a kansa. An miƙa masa ne ya ci.

5. Ranar Asabar, 16 ga Agusta, na iso da bulo biyu a kafaɗa, ban san an cinye titunan ba, na tarar da madafa a kulle da sabon kwaɗo. Yaran suna tsaye, wasu da iyayensu, wata uwa har ta yi kwalliya. A gabansu duka Malam Mijinyawa ya ce daga yau ba ni ba madafa, kuma dama bai kamata a bar wanda bai gama aji biyu ba ya koyar da 'ya'yan mutane ba, ga abin da rashin takarda ya jawo. Ranki ya daɗe, gaskiya ne ba ni da takarda. Amma kwalin da na rubuta ba ya buƙatar takarda kafin a karanta shi, kuma mai takardar ne ya ɗage shi.

6. Wannan shi ne ya fi damuna. A wurin nan ya nuna Roda da yatsa ya ce ita ce ta zuba duwatsu a abincin manya. Ba abinci ta yi ba, titi ta yi. Maganar ta zagaya layinsu kafin la'asar. Mahaifiyarta, Madam Juliana, wadda take sayar da kayan miya, ta ji a bakin abokan ciniki, kuma ta hukunta yarinyar kafin in kai gare ta in yi bayani. Na je sau biyu. Karo na biyu Roda ta leƙo ta taga ta koma, ba ta fito ba. Yarinyar da ta fi kowa tambaya yanzu an koya mata cewa tambayarta ce ta karya wa dattijo haƙori. In akwai laifi a sa dutse a faranti, ni na ce ta gwada, a ɗora mini.

7. Na je ofishin Malam Mijinyawa ranar 18, da 20, da 22 ga wata. Sau biyu aka ce ya fita, na uku na hango shi ta taga aka ce yana taro. Na nemi a ba ni farantan yaran ko da babu komai a ciki, da kwalbar da muke murji da ita, an ce suna cikin madafa kuma makulli yana hannunsa. Shekaranjiya Asabar na sake zuwa na tsaya a bakin ƙofa, ban san abin da ya kai ni ba, ƙafata ce ta saba. Yara bakwai suka zo. Muka tsaya muna kallon ramukan titi, na nuna musu inda jar ƙasa ta fito. Ruwa ya sauko muka watse.

Ba zan ɓoye miki ba, ranki ya daɗe. Tsohon shugaban leburorinmu ya aiko mini cewa akwai aikin kwalbatoci a wajen jiha, motar ma'aikata za ta tashi ranar Litinin, 1 ga Satumba, kuma ya ajiye mini wuri. Da a da ne da ban tsaya rubuta takarda ba, da tuni jakata tana ɗaure. Tun ranar da saƙon ya zo nake ɗaure ta ina kwancewa. Wannan takarda ma sau uku na fara ta ina tashi in zagaya layi in dawo. Ba barazana nake yi ba, ni ba kowa ba ne da tafiyata za ta rage wa cibiya wani abu. Ina faɗa ne don ki san dalilin da ya sa nake roƙon amsa da wuri. In na hau motar nan na san kaina, ba zan dawo ba sai bayan shekara ko fiye, kuma yarinyar za ta girma da wannan maganar a kanta.

Saboda haka ina roƙon kwamiti da girmamawa:

Na farko, a kira Inna A'i a ji ta bakinta ba a gaban Malam Mijinyawa ba, domin a ƙarƙashinsa take aiki. Kwalin yana wurinta, ta adana shi.

Na biyu, a wanke Roda Jesse a gaban yaran da iyayen da aka zarge ta a gabansu, kuma a aika wa mahaifiyarta da saƙo daga kwamiti, ba daga gare ni ba.

Na uku, a buɗe mana madafa ranar Asabar, 30 ga Agusta, mu sake zuba titunan. In kwamiti yana ganin sai an sa mai takarda ya zauna a wurin yana kallona, na yarda, a ba shi kujera. In kuma ni ne ba a so, a ba wani, zan rubuta masa ma'aunin komai kafin in tafi.

Ba na neman a kori kowa, kuma ba na neman a biya ni komai.

Ga abin da aka rasa, don ya shiga rubuce: tituna goma sha ɗaya, kowanne da sunan mai shi. Faranti goma sha ɗaya, kasko ɗaya da kwalba ɗaya, suna kulle. Asabar biyu. Haƙori ɗaya na Alhaji Hammajoda. Yara huɗu da ba su sake zuwa ba, Roda tana cikinsu. Sai amsar tambayarta, ko mazarƙwaila tana riƙe dutse, wadda saura kwana biyu mu sani aka cinye.

Allah ya ƙara miki lafiya da girma, ya ba ki ikon yin adalci. Ina sauraron amsarki kafin Asabar.

Naki cikin biyayya da girmamawa,

Abdulsalam Babayo