Matakalar da Gwarzonka Ya Hana Ka Hawa

Ya barewar zuciyata, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani! Gaisuwa daga wadda ka bari tsaye a bakin taga.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Na fito da 'yan ajina filin wasa, sai ga ka ka gifta ta bayan shinge kamar iskar hadari, gumi na sheƙi a goshinka tamkar raɓa a kan ganye. Yara suka bi ka da ihu, ni kuwa zuciyata ce ta bi ka, har yau ba ta dawo ba. A lokacin ƙafafunka naka ne. Yanzu fa? Sun zama mallakar wani zakaran gudun dogon zango da bai ma san da zamanka a duniya ba, mai littattafan nan da kake rungumewa kamar jinjiri.

Ranar Asabar Baba ya sa rigarsa ta fita kunya, Umma ta fito da kofunan baƙi, duk don zuwanka na farko. Ka iso har gindin benenmu, ka ɗaga kai, sai ka kira ni a waya: wai gwarzonka ya rubuta cewa idan tsere ya gabato kada ɗan gudu ya hau matakala, don kar cinyoyinsa su gaji. Tabɗi! Mutumin da ke keta gari da ƙafa tun kafin zakara ya yi cara, hawa biyu ya gagare shi! Baba, da ke hawanta kullum da sanda da ciwon gwiwa, ya leƙo ya ce, “Wannan ce barewar taki? Ko in sauka in goyo shi?” Ƙannena suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na nemo littattafan, na bi su da jan biro kamar aikin ɗalibai. Ni da kullum nake roƙon yara su ƙaunaci karatu! Babi guda a kan ɗaure igiyar takalmi. Babi guda, don Allah, a kan yanke farce. A littafin farko ya ce a yi ta shan ruwa, a na baya ya ce wancan kuskure ne. Da ɗan ajina ne, da na rubuta masa a ƙasa: ka same ni a ofis. Gudu kam ya iya, Allah ya ba shi. Amma a wane shafi ya koya maka cire takalmi ka gaida dattijo? Shi zai jiƙa maka goshi ranar da zazzaɓi ya kayar da kai? Takarda ce za ta tarbe ka da murmushi ko da kai ka zo na ƙarshe?

Ya hasken idona, ina kewarka kamar yadda shuka ke kewar damina, kuma kewar ce ta sa bakina ya yi kaifi. Baba ya ce Asabar mai zuwa zai sake zama a falo, daga ita kuma ba zai ƙara ba. Na sani, washegarinta ne tserenka. Ka zo. Ka hau a hankali, ka huta a tsakiya in kana so, ba mai duba agogo. Idan tseren ya kuɓuce maka, za a shirya wani baɗi. Ni kuwa ba duk shekara ake shirya ni ba.

Taka ce ni muddin da sauran numfashi, ba ni da wani sai kai,

Malamarka